Ranar Da Aka Karanta Wasan Auta

4 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Na san sai ka juya ambulan ɗin nan ka sake dubawa kafin ka tuna ni. Ni ce autar Yayarka, wadda ka taɓa ɗagawa sama a tashar jirgi har takalminta ya faɗi. Yanzu shekarata talatin da takwas, 'ya'yana biyu, ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. An ce mini kunnenka ya yi nauyi, ba ka son waya, shi ya sa na rubuto.

Mama tana wurina, lafiyarta ƙalau in ban da gwiwa. Ba ta san na rubuto maka ba.

Ga abin da ya kawo ni. Shekara biyu ke nan ina rubuta wasan kwaikwayo a lokacin hutun rana, a ɗan ɗakin da muke rataye rigunan dalma. Na kai shi gidan wasan da ke bayan tashar mota, ban ma sa rai ba. Makon jiya daraktar ta kira ni, wata gajeriyar mata da ba ta san murmushi ba. Na tafi da sabon takalmi, ina tsammanin za ta ce za a yi wasana a dandamali. Sai ta ce za su yi masa karatu. Wai 'yan wasa biyar za su zauna a kan kujeru, kowa da takarda a hannu, babu kayan wasa, babu fitilu, babu komai. Gwaji na kwana biyu, sannan a gayyato mutum arba'in su saurara da yamma, ranar ashirin ga Mayu.

Maigidana ya ce haka masu kunya suke cewa a'a. Abokiyar aikina kuwa tambayata ta yi ko ita ma ta zo da nata littafin, tunda karatu ne. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Kawu, ka yi shekara talatin da biyar a wannan aikin, kuma a gidanmu babu wanda zan tambaya, ko sunan aikin ba a son kira. Don Allah ka gaya mini gaskiya, sallamata aka yi cikin ladabi?

Ga kwafin wasan nan na haɗo maka. Fitowa ta ƙarshe ban gama ta ba tukuna. Mutanen ciki duk ƙirƙira ce.

'Yarka,
Auta

15 ga Maris

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, kuma ban juya ambulan ba. Takalmin ja ne, na hagu, ni na sauka na ɗauko shi. Muna lafiya. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki ce wa Yaya ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, in kin sami hanyar faɗa ba tare da kin ce daga ina shawarar ta fito ba. Kunne kuwa gaskiya ne, na dama ya yi ritaya kafin ni.

Ba a sallame ki ba. Wanda za a sallama, wasiƙa mai layi uku ake aika masa. Matar nan za ta ba ki mutum biyar da kwana biyu, kuma a gidan wasa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in gaya miki amfanin abin. Shekara biyu kina karanta wasan nan a cikin kanki, da muryarki, kuma muryarki ba ta taɓa yi miki musu ba. Duk inda magana ta yi rauni, kin san abin da kike nufi, sai ki cike gurbin ba ki ma sani ba. Ɗan wasa bai san abin da kike nufi ba, abin da ke takarda kawai yake da shi. Mai sauraro kuma ko takardar ba shi da ita. Ranar ce za ki fara jin abin da kika rubuta, ba abin da kike zaton kin rubuta ba.

Rashin kaya da fitilu kuwa da gangan ne. Kaya masu kyau suna rufe aibi. Ke ma ai sai kin sa mutum ya cire riga kafin ki ɗauki hotonsa.

Ni na taɓa tsallake karatu saboda gaggawa. Muka sa kafinta ya yi mana matakala, mako shida yana aiki, har da sassaƙa a jikin makari. Ranar farko da muka yi wasan a gaban jama'a na gane cewa duk abin da ake yi a kan matakalar nan ba shi da amfani, mutane sai hamma. Ban iya cirewa ba, don kullum kafintan yana zaune a layin gaba da iyalinsa. Wata guda muna hawa muna sauka. Da kujeru biyar muka fara, da fensir kawai zan goge abin.

Ranar, ki zauna a can baya. Kada ki bi takarda da ido, ki kalli ƙeyar mutane. Ki lura da inda kujeru suka fara ƙara, da inda tari ya yi yawa, da inda ɗaki ya yi tsit. Ki sa alama, shi ke nan.

Na karanta wasan sau biyu. Kina da kunne, mutanenki suna magana kamar mutane. Gidan ma na gane shi, har da famfon da ke ɗiga a tsakar gida. 'Yan'uwa uku sun taru a kan tsohon da ke jinya, ɗan riƙon da ya tafi wasan kwaikwayo ya ƙi zuwa. Kin ce ƙirƙira ce. To, na ji. Za mu yi maganar Ɗan Riƙo wata rana.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki kare wasan nan. Ko wa ya ce miki me, kada ki kare shi.

Innarki ta tsaya mini a ka, za ta fita kuma ita za ta jefa wasiƙar. Sai na ji daga gare ki.

Kawunki

27 ga Afrilu

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna nan lafiya, sai dai Innarki ta yi mura ta warke, ta bar mini.

Mako shida ke nan ban ji daga gare ki ba. Na je gidan waya sau biyu, har ma'aikacin ya fara yi mini kallon tausayi. Na ce ko gwiwar Yaya ce ta tashi, ko aiki ne ya yi yawa. Innarki ta ce wataƙila surutuna ne ya gundure ki, wai wa ya tambaye ni labarin matakala.

Ashirin ga Mayu ta kusa. An zaɓi 'yan wasan? Wa zai karanta tsohon? Ki roƙi daraktar ta ba wa mai murya mara ado aikin karanta bayanin motsi, irin su “ya tashi, ya buɗe taga”. In aka ba mai son a ji shi, sai ya cinye wasan.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Kawunki

5 ga Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin murar. Mu duka lafiya, Mama ma da sauƙi.

Ka yi haƙuri da shirun. Na fara rubuto maka ya kai sau huɗu ina yagawa. Na yi mamakin wasiƙarka ta biyu, don ta farkon ta riga ta gama magana. Ka ce ka gane gidan, ka ce ka gane Ɗan Riƙo, sannan ka roƙe ni kada in ƙare wasan. Na fahimta, kuma ban ga laifinka ba. Ni ce na yi rashin kunya. Na ɗauki abin da ya faru da kai lokacin jinyar Kaka, ina 'yar shekara takwas ina jin manya suna magana a bayan labule, na mayar da shi wasa, na kuma aiko maka ina cewa ƙirƙira ce. Kwana uku ban iya haɗa ido da kowa ba don kunya.

Na sa takardun a ƙasan akwati. Na je na gaya wa daraktar na janye. Ta dube ni ta saman tabarau ta tambayi dalili, na ce maganar gida ce. Ta ce duk wasan da ya taɓa zuwa teburinta maganar gida ce. Ta ce ba za ta goge sunana daga allo ba sai ranar goma sha biyar, in je in yi tunani.

Ba sai na yi tunani ba. Ba zan yi abin da zai ɓata maka rai ba, ga ka da girma, kuma kai kaɗai ka karanta abin nan ka ce ina da kunne.

'Yarka,
Auta

9 ga Mayu

Auta,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan yau, don sauri nake, kuma wannan ta hannun direban motar safe zan aiko ta.

Ɗauko wasiƙata ki kai ta bakin taga. Ka ce, ba ƙa ba. Kare na rubuta, irin kariyar da lauya ke yi wa mutum a kotu. Alƙalamina ya tsufa kamar ni, yana jan jela a kan kowane harafi. Innarki ta karanta taki ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ƙwace alƙalamin ta jefa a shara. Da biron jikarta nake rubutu yanzu.

Ga abin da nake nufi. Bayan karatu za a zauna, mutane su faɗi abin da suka ji. Wani zai ce bai gane kaza ba. Nan take bakinki zai buɗe ki fara bayani, ki ce ai a shafi na tara an faɗa. Kada ki yi. In sai kin tashi kin yi bayani kafin a gane, to ba a takarda yake ba, kuma ba za ki riƙa bin 'yan kallo gida kina yi musu bayani ba. Ki rufe baki ki rubuta. Ba kowace shawara za ki ɗauka ba. Mutane sun iya nuna inda ke ciwo, amma maganin da suke kawowa galibi ba shi ba ne.

Maganar Ɗan Riƙo kuwa, ban ji haushi ba. Na ji wani abu, amma ba haushi ba ne, kuma ba naki ba ne. Kin rubuta abin da kika ji a bayan labule, kin kuma rubuta shi da kyau.

Ki fito da takardun nan daga akwati, ki je wurin matar nan tun kafin ta ɗauki abin goge allo. Fitowar ƙarshe ko ba ta gamu ba a karanta haka, don irin wannan ake yin karatun.

Kawunki

22 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya lau. Na kai wasiƙar bakin taga kamar yadda ka ce, maigidana ya zo ya duba, ya ce ko makaho ya ga ka ce. Mako bakwai na yi ina baƙin ciki a kan jelar alƙalami.

An yi karatun shekaranjiya da ƙarfe huɗu, a ƙaramin ɗakin gwaji da ke hawa na biyu. Kujerun roba, fanka ɗaya mai ƙara, tagogi a buɗe ana jin masu gyaran mota a ƙasa. 'Yan wasan suka shigo da kayan jikinsu, ɗaya ma da jakar cefane, ta tura ta ƙarƙashin kujera. Na zauna a baya da fensir.

Kawu, ban san wasana ba ashe. Barkwancin da na fi so, wanda na yi mako guda ina gyarawa, ya wuce babu wanda ya motsa, sai maigidana da ya yi dariya shi kaɗai don kara. Amma inda babbar 'yar take jera takalman tsohon a bakin gado kullum safe, alhali ya yi wata biyu bai taka ƙasa ba, layin da na kusa cirewa, sai na ji wata mata a gabana ta ja numfashi. Rigimar makullin ɗaki kuwa, shafi bakwai, a shafi na biyu kujeru suka fara ƙara. Wani dattijo ya ciro agogo ya duba, ya kai shi kunne ya ji ko yana aiki. Na ja layi tun daga sama har ƙasa.

Sai aka zo wurin Ɗan Riƙo. Ka san magana ɗaya ce tak na ba shi, wadda yake faɗa a waya. Wani dogon mutum mai furfura ne ya karanta, Dogo suke ce masa. Ni da gadara na rubuta ta, ta mutumin da ya ga ya fi ƙarfin gida. Shi kuwa sai ya sauke murya, ya ce, “Ku ce masa ina da...” ya tsaya, ya kalli takarda kamar yana neman wata kalma dabam bai samu ba, sannan ya ce, “aiki.” Ɗakin ya yi tsit, fankar kawai ake ji. Na so in tashi in ce ba haka ba ne, amma tsigar jikina ta riga ta tashi.

Da aka gama aka juyo da kujeru. An faɗi abubuwa da yawa, wani ma cewa ya yi a sa waƙa. Can sai matar da ta ja numfashin nan, tsohuwar ungozoma ce, ta ɗaga hannu ta ce ita tambaya ɗaya gare ta: me ya hana shi zuwa? Bakina ya buɗe, zan ce son kai. Na tuna maganarka na rufe shi. Ina rubuta tambayar a takarda na gane ban san amsar ba. Shekara biyu ina rubutu ban taɓa tambayar kaina ba, don a gidanmu ba tambaya ba ce, hukunci ne da aka riga aka yanke. Shi ya sa fitowar ƙarshe ta ƙi gamuwa.

A bakin matakala daraktar ta ce mini na ba mutum uku shafi sittin, na ba mutum ɗaya layi ɗaya, kuma shi jama'a suka tafi da shi gida. Ta ce in gyara, za a sake karantawa a watan Yuli. Ina jin ta ɗan yi murmushi, amma ba zan rantse ba.

Na tambayi Dogo me ya sa ya karanta haka. Ya ce shi bai san wata hanyar da mutum zai faɗi wannan maganar ba, in dai tsohon ne ya raine shi.

Kawu, ba dole ba ne ka amsa. Amma tambayar ungozomar ce nake yi maka.

'Yarka,
Auta

10 ga Yuni

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na yi murna da labarin karatun, na karanta wa Innarki da muryoyi, har da dattijon agogo. Shafi bakwai ɗin nan ki bar ɗaya da rabi. Ki gaishe mini da Dogo, ya san aikinsa.

Na jinkirta amsa don ban saba faɗar wannan ba.

Baffa, wato kakanki, shi ya ɗauke ni ina shekara shida bayan rasuwar mahaifina, ya haɗa ni da 'ya'yansa bai bambanta ba. Shi ya samo mini aikin akawu. Ranar da na ajiye aikin na koma gidan wasa, ya ce kada in ƙara taka masa gida sai na dawo hayyacina. Shekara tara ban taka ba. Da ciwo ya yi tsanani Yaya ta kira ni, kuma abin da kika rubuta shi na faɗa, kalma da kalma. Wanda ya gaya miki bai ƙara komai ba.

Abin da ba a sani ba shi ne washegari na hau jirgin safe. Na isa asibiti wajen sha ɗaya, na hau hawa na uku, na sami ɗakin. Ƙofar tana da gilashi daga sama. Na ga Baffa ya koma kamar yaro a cikin zanin gado, Yaya tana ba shi ruwa da cokali tana goge masa baki. Na sa hannu a mariƙin ƙofa. Sai na ji tsoron ya buɗe ido ya gan ni ya juya fuska bango, ya zama shi ne abu na ƙarshe tsakanina da shi. Na tsaya kamar kwatan awa. Wata mai goge ƙasa ta ce in matsa mata. Na matsa, na ƙara matsawa, ban tsaya ba sai a tasha. Bayan kwana biyu ya rasu. Kunya ta hana ni zuwa gaisuwa, daga nan kuma kowace shekara ta fi ta baya wuya.

Ba hujja ba ce. Ni da nake tsayawa gaban mutum ɗari biyar ban ji komai ba, ƙofa ɗaya ta gagare ni.

In wasan yana buƙatar wannan, ki ɗauka, na ba ki. In ba ya buƙata ki bar shi. Amma kada ki wanke ni. Kika wanke Ɗan Riƙo, 'yan kallo za su ji ƙanshin sabulu tun daga layin baya.

Kawunki

24 ga Yuli

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Inna kuna lafiya. Yara sun samu hutu, gidan ya cika da hayaniya. Ka yi haƙuri na sake yin shiru, wannan karon aiki nake yi. Na gode da wasiƙarka. Ban san me zan ce a kanta ba, sai na zauna na rubuta fitowar ƙarshe a kwana huɗu. Kusan babu magana a ciki. Mutum ne a bakin ƙofa, da mai goge ƙasa.

Mama ta gano. Na bar takardun a kan tebur, na dawo daga aiki na same ta da tabarau tana shafi na arba'in. Na tsaya ina jiran faɗa. Ta ce famfon ba a tsakar gida yake ba, a bayan kicin yake. Sannan ta tambayi ranar karatun, ta ce tunda gidan ubanta za a karanta, da ita za a je. Fitowar ƙarshe ba ta cikin abin da ta gani, tana jakata. Na rasa yadda zan yi in gaya mata.

Ranar Asabar muka hau matakalar nan a hankali, tana hutawa a kowane hawa. Ta ƙi zama a baya, ta zauna a layi na biyu da jaka a cinya. Don haka ƙeyarta na yi ta kallo, na manta da sauran mutane. Wasan ya ragu da minti ashirin, kujeru ba su yi ƙara ba sai sau ɗaya, kuma na san wurin. Da aka zo ƙarshe, mai karanta bayanin motsi ta ce, “Ya sa hannu a mariƙin ƙofa. Bai murɗa ba.” Dogo bai yi komai ba, ya dai ajiye takardarsa a gwiwa. Mama ba ta motsa ba. Bayan tattaunawa har ungozomar nan ta zo ta gaishe ta, ba ta san ko wace ce Mama ba.

A mota muna komawa, maigidana yana tuƙi, mun kusa gida sai ta ce, “Kin sa masa koriyar riga. Fara ce, da tabon tawada a aljihu.”

Na juyo na kalle ta. Ta ce ta gan ka ta gilashin tun isowarka. Ta ce tana jin haushin abin da ka faɗa a waya, sai ta ce a ranta in dai ya zo da ƙafarsa, to ya shigo da ƙafarsa. Ta ci gaba da ba da ruwa tana jira ta ji ƙarar ƙofa. Da ta sake ɗaga kai babu kowa. Ta ce shekara talatin ana zaginka a gabanta cewa ba ka zo ba, ba ta taɓa gyara maganar ba, don in ta ce ka zo, sai ta faɗi cewa ita ma ba ta kira ka ba.

Ba ta yi kuka ba, ka san ta. Da muka isa ta ce a dafa mata shayi, ta sha kofi biyu, ta yi wa yara faɗa a kan takalma. Tun ranar kuma sai na ji tana 'yar waƙa a kicin.

Daraktar ta ce za a yi wasan a dandamali baɗi, amma tana son karatu ɗaya kafin nan, ranar sha tara ga Agusta, don yanzu babbar 'yar ma tana buƙatar gyara. Na gaya wa Mama kai ne kake ba ni shawara tun Maris, har da ta ruwan ɗumi. Ta ce ta sani tun da ta ji ina maganar kallon ƙeyar mutane, wa kuma zai san wannan. Ga saƙonta, yadda ta faɗa: “Ki ce masa kada ya jira baɗi, daga ni har shi ba yara ba ne. Ya zo da matarsa. Akwai ɗaki.”

'Yarka,
Auta

1 ga Agusta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Rigar fara ce, gaskiyar Yaya.

Za mu taho ranar Alhamis, sha bakwai ga wata, a jirgin da ke isowa da azahar. Innarki ta riga ta fito da akwati tana ta gugar kaya kamar za mu shekara. Kada kowa ya zo tarbarmu, ki dai rubuto mini lambar gidan da babban baƙi, mu ɗauki tasi. Ki gaya wa Yaya na yi sanƙo, na kuma rage tsawo, kada ta nemi wanda ta sani. In za ta yi mini faɗa ta zauna ta hagu, nan ne kunnen da ke aiki.

Ki aiko mini da sabon kwafin in karanta a hanya. Gyaran babbar 'yar ki yi shi a hankali, kuma ita ma kada ki wanke ta, ba za ta gode miki ba.

In mun iso, ni zan ƙwanƙwasa da kaina. Ina jin zan iya. Amma in kuka ji tasi ta tsaya, aka daɗe ba ku ji komai ba, ki ce wa Yaya ta kira ni.

Kawunki